Roba ta cika, injin kuma yana neman ƙonewa

Tiyon ƙasa na lagireton motata ne ya tsage, na sauya shi da kaina, ruwan ciki kuwa ya tsiyaye kusan duka. Wajen zuba sabo na kiyaye duk abin da aka saba faɗa. Injin ya huce sarai, na samo irin ruwan sanyaya inji da littafin motar ya ambata, na haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, tunda na famfo yana barin gishiri ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Na zuba har ya kawo wuya, na cika robar gefe zuwa layin sama, na rufe bonet.

Ban yi wani nisa ba allurar zafi ta wuce tsakiya, ta nufi jan layi. Na gangara gefen titi na kashe mota, gabana na faɗuwa. Da na ɗaga bonet sai na tarar da robar nan cike yadda na bar ta, ƙasa kuma babu ko ɗigo. To me ke ƙona injin? Wani mai wucewa ya ce, "Malam, buɗe murfin ka ƙara mata ruwa mana." Na ƙi, kuma har yau ina gode wa Allah da na ƙi. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kusan bar ɗaya a ma'aunin matsi, shi ya sa ruwan ke iya haura digiri 120 bai tafasa ba. Kana kwance shi da zafi, ruwan zai tafasa nan take ya watso maka a fuska.

Ashe iska ce. Idan ruwa ya zube da yawa, iska tana shiga ta maƙale a wuraren da suka fi tudu: cikin tof silinda (kan injin), kusa da tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto), da ƙaramin lagireton hita. Iska ba ta kwasar zafi kamar ruwa. Tamostat kuma yana buɗewa ne idan ruwa mai zafin digiri 82 zuwa 90 ya taɓa shi, in iska ce ta kewaye shi sai ya yi jinkiri, ruwa ya ƙi zagayawa. Robar gefen nan da na amince da ita siririn tiyo kawai ya haɗa ta da lagireto, don haka tana iya cika fal alhali injin na fama da ƙishi. Wannan ne ke ba ni haushi har yanzu: jarkar da na saya ta yi bayanin haɗi dalla-dalla, amma ko kalma ɗaya babu a kan fitar da iska.

Alamar da ta tona asirin ita ce hita. Injin na ci da zafi, ita kuwa iska mai sanyi take busowa.

Bayan komai ya huce na ajiye motar gabanta na kallon tudu, na buɗe murfin, na kafa mazurari, na kai hita ƙarshe, na tayar da injin na bar shi yana aiki a tsaye. Kumfa ta fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ina matsa tiyon sama a hankali, hannuna nesa da fanka, don tana iya tashi ba sallama. Can da tamostat ya buɗe, ruwan mazurarin ya zurare gaba ɗaya. Sai da na ƙara fiye da lita guda a motar da na rantse ta cika! Wasu motocin suna da ɗan noti na fitar da iska a jikin tiyo ko gidan tamostat, ka duba taka kafin ka fara. Kada ka rufe murfi sai kumfa ta ƙare, fanka ta tashi, hita ta kawo zafi. Washegari da sanyin injin ka sake dubawa, yawanci yakan ɗan sauka. Abin da ya zube a ƙasa kuma a wanke shi, yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi.

Tsorona duk a kan gaskit yake, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof silinda da jikin injin, domin tof silinda na alminiyon ba ya jure irin wannan zafi, yakan lanƙwashe. Na daɗe ina leƙa murfin baƙin mai ko zan ga ya yi fari kamar madara, ina duba salansa ko farin hayaki zai fito, ina auna layin robar kowace safiya. Babu wanda ya nuna. Da na ƙara ko 'yan mintuna a kan titin nan, da yanzu injin na kwance a gareji.