Abin da aikin tafinta ya bar min

Jiya na ajiye aiki na miƙa wa ofis baj ɗinsu, shekara huɗu kenan ina tafinta a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a Kamaru. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin sauraron labarin 'yan gudun hijira ya san dokar, ba a cewa "ta ce", yadda mutum ya faɗa haka za ka juya. Mace daga Gwoza ko Banki ta ce an yanka mijina a gabana, kai ma da bakinka za ka ce an yanka mijina a gabana da Faransanci, wani lokacin mutum shida kafin azahar.

Ni ban taɓa ganin ɗan Boko Haram da idona ba wlh, ko ranar da bam ya tashi a kasuwar Maroua a 2015 ina Mokolo. Amma sai ga shi barci ya ƙaurace min, ina mafarkin garuruwan da ban taɓa takawa ba, tayar kalando, wato babur ɗin haya, ta fashe sai in ji hantata ta kaɗa, ranar layya kuwa ɗaki na shige na kulle har aka gama fiɗa. Na je wa shef, wato ogan aikinmu, da maganar, ya ɗago daga kwamfuta ya ce malam kai fa kunne ne kawai, waɗanda abin ya sama suna waje kan layi. Haka na fito da kunya.

Satin ne na yi abin da har yau yake cina. Wata baiwar Allah ta fara labarin 'yarta, tana murza bakin mayafi, na ji ba zan iya maimaitawa ba, kawai na ce sun sha wahala a hanya. Aka rubuta haka a dosiye, wato fayil ɗinta, ba a tura ta wajen likitan ƙwaƙwalwa ba. Sai bayan wata uku wani tafinta ya sake zama da ita aka gane, ni na sha takardar gargaɗi, shef ko a jikinsa.

Likitar da ta duba ni daga baya ita ta ce min yawan jin irin wannan a bakin aiki ma yana kawo ciwon firgici, in ya wuce wata ɗaya ba ya sakin mutum to a nemi magani, ba raunin imani ba ne.

Sababbi, ku nemi hutu tsakanin zama da zama, kar ku jira a ba ku. Kontiraginku ma ku karanta da kyau.

Matar da na taƙaita labarinta tana nan a sansanin, ranar Talata na hango ta wajen famfo na canza hanya.