Ranar da na miƙa wa goggo yarinya

Shekara shida ke nan ina da gidan rainon yara a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma tabo ɗaya tak ke jikin lasisina. Kunya ce ta jawo min shi, irin kunyar nan tamu da ke hana mutum ya dubi idon babba ya ce a'a.

Neman lasisin kansa bai ba ni wahalar da aka yi ta tsoratar da ni da ita ba. A jihar nan hukumar kula da yara da iyali, OCFS, ita ke da wuƙa da nama. Na yi kwas ɗin lafiya da kiyaye haɗari na awa 15, na koyi taimakon gaggawa, likita ya cike min takarda, aka ɗauki zanen yatsuna. Maigida ma sai da ya je aka ɗauki nasa, yana tafe yana mita wai shi direban tasi me ya haɗa shi da raino, amma doka ta ce duk mai shekara 18 zuwa sama da ke kwana a gidan sai an bincike shi. Aka duba ƙofofin fita biyu, aka duba na'urar hayaƙi, aka sa na rufe bututun ɗumama ɗaki. Irin lasisina ya yarje min yara 12, da ƙarin 4 'yan makaranta, muddin ina da mataimakiya, kuma kowane jarirai biyu da ba su kai shekara biyu ba sai da babba guda a kansu. Waɗannan duk na haddace su kamar karatun allo.

Littafin ƙa'idoji na iyaye ne na ɗauka wasa. Wata da ta riga ni a sana'ar ta ba ni nata, na cire sunanta na sa nawa, na buga, na jibge a durowa. Yawancin iyayen yarana mutanenmu ne, Hausawan Ghana na Zangon Kumasi da na unguwar Nima ta birnin Accra, da 'yan Nijar, da mu 'yan Najeriya ƙalilan. Masallaci ɗaya muke zuwa, suna da biki muna tare. Ina zan iya miƙa wa matar da muka ci tuwo kwano ɗaya takarda in ce sa hannu? Sai na bar komai a kan amana.

Wata Alhamis ce cikin hunturu, ƙarfe huɗu da rabi gari har ya yi duhu. Aka danna ƙararrawa, na buɗe, sai ga goggon wata yarinya 'yar shekara uku da nake raino, yayar ubanta. Na san ta sarai, dattijuwa ce, ajinmu ɗaya a Islamiyya ranar Lahadi. Muka gaisa har da tambayar mutanen gida. Ta ce, "'Yar nan, wucewa na zo yi na ce bari in ɗauki ɗiyata ta yini min, uwar ta huta." Kafin in buɗe baki yarinya ta sheƙo ta rungume ƙafarta.

Kowane yaro yana da katin rajista da muke kira shuɗin kati, a nan iyaye ke rubuta waɗanda suka amince su ɗauki ɗansu. Na yarinyar nan suna biyu ne a kai, uwar da wata maƙwabciyarta. Ba mantawa na yi ba, na sani. Na ce, "Hajiya, bari in kira mamanta." Na kira sau biyu ba ta shiga ba, tana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Goggo ta gyara mayafi ta ce, "Au, ni ce yau sai an nemo min izini a kan jinina?" Mataimakiyata, wata 'yar Dominika, tana bayanta tana girgiza min kai. Na kau da ido, na sa wa yarinya rigar sanyi da hula da hannuna, na miƙa ta.

Shida saura kwata uwar ta iso. Da na gaya mata, jakar hannunta ce ta fara faɗuwa. Ashe wata biyu ke nan ba sa tare da mijin, magana har ta kai gaban lauya, kuma dangin miji sun taɓa furta cewa gara a kai yarinyar gida ta tashi a hannun kakarta. Ni duk ban san wannan ba, don ba wanda ya gaya min, ni ma ban taɓa tambaya ba. Wayar goggo a kashe. Uwa ta kira 'yan sanda a tsaye a falona, sauran iyaye suna shigowa ɗaukar 'ya'yansu suna gani. Sai wajen ƙarfe tara aka same su a gidan wata ƙawar goggo, yarinya na zaune lafiya lau an ƙunsa mata lalle a hannu tana cin soyayyen dankali.

Ba abin da ya sami yarinya, alhamdu lillahi. Ni ce abu ya samu.

Bayan 'yan kwanaki jami'ar duba gidajen raino ta zo ba sanarwa, dama haka suke zuwa, ni duba-gari nake ce musu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in nuna mata katin, na nuna. Ta ce in nuna mata sunan matar da ta ɗauki yarinyar. Na fara bayanin cewa a wurinmu goggo uwa ce, ta saurare ni har na gama, sannan ta karanto min ƙa'idar: ba a sakin yaro sai ga iyayensa, ko wanda suka ayyana a rubuce, ko wanda doka ta ba iko. Ta kuma tambaye ni me ya sa ban kira ofis da kaina na ba da rahoto ba, tunda abu mai girma irin wannan wajibi ne a sanar nan take. Wannan ma ban yi ba, ina can ina zaryar sulhu tsakanin dangi. Gaskiya matar aikinta ta yi, ba ni da ta cewa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne laifin ba a aljihun jami'a yake tsayawa ba. Yana hawa intanet, duk mai neman gidan raino ya rubuta sunan wurina zai gani, kuma ni ma dole in liƙa sakamakon dubawar a bango inda iyaye ke wucewa. Iyali biyu suka janye 'ya'yansu a watan. Wata Ba'amurkiya da ta riga ta zo ta ga wuri ta yaba, ta turo saƙo cewa ta sami wani. Kujera uku babu kowa har kusan bazara, ga haya, ga albashin mataimakiya. Goggo kuwa ta daina amsa gaisuwata a Islamiyya, wai na sa an kira mata 'yan sanda. Ni da na yi don kar in ɓata mata!

A wannan hunturun na zauna na rubuta littafin ƙa'idojina da kaina, da Turanci da Hausa, wata ta taimaka min da Faransanci saboda 'yan Nijar. Shafin farko maganar ɗaukar yaro ce. Wanda babu sunansa a kati ba ya fita da yaro, ko da limamin unguwa ne. Wanda ban san fuskarsa ba sai ya nuna katin shaida mai hoto. Ƙarin suna sai a rubuce, ban karɓar "na gaya miki a waya". Na kuma sa layi guda da na koya da tsada: idan aure ya sami matsala a gaya min, in akwai takardar kotu a kawo min kwafi, don ba ni da ikon hana uba ko uwa ɗansu sai da ita.

Da na fara rubutu sai na ga ashe ramukan da kunya ta haƙa min suna da yawa. Uwa ta cusa maganin zazzaɓi a jaka ta ce in ba shi da azahar, alhali ba a ba yaro magani irin wannan sai da horo na musamman da izini a rubuce. Uba ya kawo yaro ya ce, "Anti, in ya yi rashin ji ki zane shi, na ba ki fata." A nan duka haramun ne a gidan raino ko da iyaye sun yarda, kuma doka ta ɗora min kai rahoto in na ga alamar cin zarafi a jikin yaro, gara su ji daga bakina tun ranar farko. Kakanni su ce a kwantar da jariri rub da ciki a lulluɓe shi, ƙa'ida ta ce rigingine, gado wayam ba bargo. Allurar rigakafi ma tun 2019 jihar ta soke uzurin addini, saboda haka ba takarda ba shiga. Gyaɗa na hana shigo da ita kwata-kwata saboda yaran da jikinsu ba ya karɓarta, kuma sai da na rubuta ƙuli-ƙuli da yajin tsire da sunansu, don mutanenmu ba sa lissafa su cikin gyaɗa.

Sai maganar kuɗi, wadda hukuma ba ruwanta da ita, tsakaninki da iyaye ce. Da, iyali su tafi gida hutun bazara wata biyu, ba ko sisi, su dawo su tarar na riƙe musu wuri. Yanzu mai son a riƙe masa ya biya rabi. Mai latti bayan ƙarfe shida, dala ɗaya kowane minti. Ranakun Sallah biyu a rufe muke, yana rubuce tun farkon shekara. An yi gunaguni, har an ce Amurka ta shiga kaina. Na ce ta shiga.

Yanzu duk mai kawo yaro sai mun zauna na karanta masa shafi-shafi, ya sa hannu, ya tafi da kwafi. Da na zo kan shafin farko nakan ba da labarin nan ba tare da kama suna ba, in ga fuskoki sun canja. Wata ta karɓi biro ta rubuta mutum bakwai a katin ɗanta, har wurin ya ƙare ta juya baya.

Watan jiya wani dattijo ya zo ɗaukar jikansa, da farin gemu da carbi, sa'an mahaifina. Babu sunansa. Na shimfiɗa masa darduma, na kawo shayi, na ce, "Baba, a yi haƙuri a ɗan zauna, sai uwarsa ta iso." Ya yi faɗa, ya ce a garinsu ba a taɓa yi masa haka ba. Gabana na faɗuwa, hannuna na rawa a kan butar shayi, amma yaron yana ciki yana wasa da mataimakiyata. Minti arba'in muka yi a haka kafin uwar ta zo ta ƙara sunansa a kati da hannunta.