Watanni uku kafin cikin ya shiga

Cikina na farko ban san da shi ba sai da ya kai sati bakwai. Na yi ɓatan wata na ɗauka gajiya ce, sai da turaren da nake so ya fara tayar mini da zuciya sannan na je aka gwada. Nas ɗin da ta buɗe mini katin awo dattijuwa ce. Ta sauke tabarau ta ce, "Ƙanwata, yaushe kika fara shan folik asid?" Na ce, "Sista, ai yau na san ina da cikin."

Ba ta yi mini faɗa ba. Takarda ta yaga, ta shimfiɗa a tebur, ta naɗe ta a hankali har bakin biyu suka haɗu. Ta ce haka laka da ƙwaƙwalwar jariri suke farawa, a shimfiɗe, sannan su naɗe su rufe kamar bututu, kuma rufewar tana kammala ne wajen kwana 28 da shigar ciki. Da yake ana ƙirga satin ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wannan ya faɗa wajen sati na shida. Wato ranar da nake zaune gabanta aikin ya riga ya wuce. In bututun bai rufe ba, a kan haifi yaro da buɗaɗɗen baya, shi kuwa folik asid wani bitamin ne da ke taimaka wa bututun ya rufe daidai. Alhamdu lillahi, 'yata ta zo lafiya lau, amma Allah kaɗai ya san dararen da na yi ido biyu kafin a yi mini sikanin.

Shi ya sa da muka yi niyyar na biyu, wata uku kafin nan na fara shiri. Folik asid maikirogiram 400 kullum, har ciki ya cika sati 12. Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce, kusa da buroshin haƙori na ajiye kwalbar don kada in manta. Likita ya ce mai ciwon suga, ko mai shan wasu magungunan farfaɗiya, ko wadda ta taɓa haifar yaro mai wannan larura, miligiram 5 ake rubuta mata.

Maganar magani ita ta fi tsaya mini a rai. Yayata tana da hawan jini, kuma sai da aka canza mata magani kafin ta ɗauki ciki, don akwai waɗanda ke cutar da jariri. Haka sodiyom balfuruwet na farfaɗiya. Amma don Allah kada mace ta daina maganinta da kanta saboda ta ji wannan, ta je likita ya sauya mata.

An ɗebi jinina aka ga ya yi ƙasa, aka haɗa mini da maganin ƙarin jini. An duba ko ina da kariya daga rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, don ba a yi wa mai ciki wannan rigakafin, in an yi kuma sai a jira wata guda kafin a nemi ciki. Maigidana ma bai tsira ba: da ya ji maniyyi kan ɗauki sama da wata biyu kafin ya nuna, kuma hayaƙin da nake shaƙa yana isa ga jariri, ya ajiye taba. Ya sha wuya, na kuma gode masa.

Da cikin ya shiga, laulayi bai raga mini ba. Kaɗan-kaɗan nake ci, sau da yawa. Na rage kofi, na bar hanta saboda yawan bitamin A da ke cikinta. Ban kuma jira ciki ya fito ba kafin in fara awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je sau takwas, na farko cikin sati 12 na farko. Wannan nas ɗin dai ta ja mini kunne cewa in na ga jini, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri da ciwon kafaɗa, kada in kwana a gida, don yana iya zama ciki a wajen mahaifa.

A sati na takwas aka shafa mini man nan mai sanyi a ciki, aka juyo mini da allon. Ɗan abu kamar ƙwayar wake, a tsakiyarsa wani ɗigo yana bal-bal-bal da sauri. Maigidana ya matso har yana kare mini allon, ya ce, "Likita, zuciyar ke nan?"