Abin da Ba Ya Shiga Katin Sakamako

Shekara uku ke nan a jere ni ake ɗora wa nauyin kwamitin ƙarshen shekara a makarantarmu. A takarda aikin gajere ne: a kammala jarrabawa, a fitar da sakamako, a yaye 'yan aji shida, a rufe. A aikace kuwa, makonnin ƙarshe na zango na uku sun fi sauran shekarar duka cin rai, balle a makaranta irin tamu da ke girma kamar ana hura ta. Lokacin da na fara koyarwa a nan kowane aji ɗaki ɗaya ne, mai gadi ma ya san sunan kowane yaro da fuskar wanda ke zuwa ɗaukarsa. Yanzu ƙananan azuzuwan duk sun rabu gida biyu, kuma a taron malamai kana iya ganin wanda ba ka taɓa yin doguwar magana da shi ba.

A shekarata ta farko biki kawai na sa a gaba. Rumfa nawa, kujeru nawa, wa zai kawo lasifika, wane aji ne zai yi wasan kwaikwayo, wane baƙo ne zai miƙa kyaututtuka. Bikin ya yi kyau, ba zan rage masa komai ba. Iyaye sun cika fili, yaran da aka yaye sun rungumi juna suna kuka, mu ma da muka raine su tun suna koyon riƙe fensir sai da muka yi ƙwalla. Muka rufe makaranta ina ji kamar na sauke dakon dutse.

Kusan wata biyu bayan dawowa daga dogon hutu wata uwa ta same ni a bakin ɗakin malamai. Ɗanta ya shiga aji uku, kuma ƙorafi ya fara zuwa gida: ba ya amsawa idan an kira shi, ba ya kwafar aiki, yana da taurin kai. Ashe yaron kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Malamar aji biyu ta sani, shekara guda tana zaunar da shi a bencin gaba, ta gefen da kunnen dama zai kama muryarta. A cikin hutun ta bar aiki. Sabon malamin ya jera yara bisa tsayi kamar yadda aka saba, yaron kuwa dogo ne, sai ya faɗa can baya.

"Malam, ai na ɗauka kun sani," in ji ta. "Tun ranar da na kawo shi na faɗa."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na je na buɗe katin sakamakon yaron na bara. Akwai maki, akwai matsayi, akwai "ya ƙara ƙoƙari" da sa hannu. Babu kalma ɗaya game da kunnensa. Abin da ya fi komai muhimmanci a kan karatun yaron nan yana cikin kan mutum ɗaya, kuma mutumin ya tafi da shi. Sabon malamin bai yi laifi ba, ba a ba shi komai ba ban da rajista da alli. Ni da na kwashe makonni ina lissafin kujerun baƙi ban ware ko awa ɗaya don a miƙa yara daga hannu zuwa hannu ba.

Da makarantar tana ƙarama ba ma bukatar wani tsari, shi ya sa ba mu lura da rashinsa ba. Labarin yara yana yawo da kansa a ɗakin malamai: wane ya rasa mahaifi, wance ba ta gani daga nesa, wancan sai an bar shi ya yi shiru kafin ya amsa. Da aka yi yawa sai wannan hanyar ta toshe ba tare da kowa ya ji ƙararta ba.

A shekara ta biyu na kawo abin da muke kira takardar miƙa aji. Na fara da kuskure, domin shafi guda cur na tsara wa kowane yaro, na kuma raba a tsakiyar makon da malamai ke makin takardun jarrabawa. Wata malama da ta girme ni a aikin ta ajiye tulin a gabana ta ce, "Malam, in kana so a cika wannan da gaskiya, ka rage shi. In ba haka ba za a cika maka shi da ƙarya." Ta yi gaskiya. Muka zauna tare muka mayar da shi layi biyar: ina karatun yaro ya kai, wato haruffa yake haɗawa ko yana karanta jimla ko yana iya ba da labarin abin da ya karanta; ina lissafinsa ya tsaya; akwai larurar lafiya da ya kamata malami ya sani; wa ake kira a gida in wani abu ya taso; sai na ƙarshe, wanda na fi so, me ke sa yaron nan ya saki jiki. Muka kuma matsar da cikawar zuwa bayan an gama maki.

Doka ɗaya na kafe a kanta har wasu suka ga na cika tsanani. Ba a rubuta hukunci, abin da aka gani ake rubutawa. Kada a ce "malalaci ne", a ce "ba ya gama aikin rubutu, amma yana amsa tambaya da baki". Dalilina shi ne takarda tana da ƙarfi a kan wanda ya karanta ta. A 1968 wasu masu bincike biyu, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, sun wallafa gwajin da suka yi a wata firamare a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sun zaɓi wasu yara ta hanyar ƙuri'a kawai, suka gaya wa malamai cewa waɗannan za su yi fice a bana, kuma yaran suka fi takwarorinsu ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Masana sun yi ta jayayya kan girman tasirin daga baya, amma duk wanda ya daɗe a aji ya san yadda suna ke bin yaro. In kyakkyawan zato zai iya ɗaga shi, ban yarda in miƙa wa sabon malami mummunan zato a rubuce tun kafin ya ga fuskar yaron ba. Takardun kuma a kulle suke a ofishin shugaba, kuma maganar lafiya ba ta shiga sai da sanin iyaye.

Takardar kaɗai ba ta isa ba. Dole mai barin ajin da mai karɓarsa su zauna ido da ido, su bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin hutu, tun abin yana ɗanye a kai. Wannan ne ya tilasta mana sauya lokacin ɗaukar sababbin malamai. Da sai saura 'yan kwanaki a koma ake neman su a gurguje. Yanzu shugaba tana kammala tantance su tun zangon bai ƙare ba, don su halarci zaman, su kuma ga ɗakin da za su shiga.

Sauran hidimomin rufewa ba sa bukatar dogon bayani. A ƙirga littattafai, a ware bencin da ya karye tun kafinta yana da lokaci, a zana jadawalin darussa da fensir domin ko ta yaya sai ya canza.

Inda aka kai ruwa rana shi ne taron iyaye da malamai kan abin da za a yi da kuɗin gyara. Da yawa sun fi son sabon fenti da babbar ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba, kowa yana son makarantar ɗansa ta yi kwarjini. Ni kuwa na shafe mako guda ina tsayawa kusa da banɗakuna lokacin tara, ina kallon layin 'yan mata. Ana kaɗa ƙararrawa wasu ba su samu shiga ba, su koma aji a makare a yi musu faɗa, ko su haƙura su matse har a tashi. Mun ƙara ɗakunan karatu sau biyu, banɗaki kuwa yana nan yadda aka gina shi tun farko. Na karanta wa taron ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 don makarantun da ba su da yalwa: banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, banɗaki ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga yara maza 50, da ruwa lita 5 ga kowane mutum a rana a makarantar jeka-ka-dawo. Muka yi lissafin tare a kan allo. Wani uba da ya fi kowa son ƙofar ya yi shiru, sannan ya ce 'yarsa ba ta shan ruwa da safe, bai taɓa tambayar dalili ba. Ƙofar ta jira.

Batun yawan yara a aji ya fi wannan wuya, domin kowane sabon yaro kuɗin shiga ne, kuma da shi ake biyan albashi. Ɗaki ɗaya sabo muka samu a bara, ana ta ja-in-ja kan ajin da za a raba. Masu cewa a ba 'yan aji shida suna da hujja, su ne za su zana jarrabawar fita, sakamakonsu ne jama'a ke gani. Ni ina ɓangaren 'yan aji ɗaya. Babban gwajin da aka fara a jihar Tenesi ta Amurka a 1985 ya kwatanta azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25, daga ajin share fage zuwa aji uku, kuma yaran azuzuwan da ba su da cunkoso sun fi a karatu da lissafi, 'ya'yan marasa ƙarfi su suka fi amfana. Mu ko kusa ba mu kai wannan adadin ba, ba kuma za mu kai nan kusa ba. Amma yaron da bai iya karatu a aji ɗaya da biyu ba, wahalar tana bin sa har aji shida, a can kuma gyaran ya yi tsada. Shugaba ta ba aji ɗaya ɗakin, ta kuma yi abin da na san ya hana ta barci: ta rufe rajistar sababbin ɗalibai alhali akwai iyaye a layi. Har yau akwai waɗanda ba su huce ba, ciki har da wani abokina.

Bikin yaye ɗalibai yana nan, kuma ina son sa kamar da. Mun dai rage tsawonsa bayan mun ga ƙananan yara suna gyangyaɗi a rana ana ta jawabai. Mun kuma ƙara kyauta ga wanda ya fi kowa matsawa daga inda ya fara, saboda na ɗaya da na biyu da na uku kusan fuskoki iri ɗaya ne kowace shekara, kuma aji mai yara da yawa yana da jarumai fiye da uku.

Akwai abin da har yanzu ya gagare ni. 'Yan aji shida da muke yayewa suna tafiya makarantu daban-daban, kuma layukan nan biyar ba sa bin su. Na fara tambayar iyaye ko suna son a ba su kwafi su kai da kansu. Wasu sun karɓa, wasu sun ce gara yaro ya fara da farar takarda, kuma ban iya ce musu sun yi kuskure ba.

Makon jiya muka yi zaman miƙa aji na bana. Na zauna a gefe lokacin da malamin aji huɗu ke bin sunaye da malamar da za ta karɓi aji biyar, wadda wata ɗaya ke nan da ɗaukarta. Da suka zo kan yaron nan sai na ga rubutun hannu iri biyu a takardarsa, na malamin aji uku da na aji huɗu. A layi na uku an rubuta: bencin gaba, malami ya tsaya ta damansa, a kalle shi in ana magana. A layi na biyar kuma: yana son a ba shi karatu a bayyane, muryarsa tana da ƙarfi. Malamar ta ɗauki fensir ta zana taswirar ajinta a bayan littafinta, ta rubuta sunansa a bencin farko, sannan ta ce a ci gaba zuwa na gaba.