Talata a ɗakin hoto: milimita ɗaya a idon sawu

Hoton ƙashi (X-ray) na farko na yau na wani ɗan acaɓa ne, babur ya danne masa ƙafar dama. Siririn ƙashin gefen waje, fibula, ya karye daidai saitin gaɓar idon sawu, irin karayar da ake kira Weber B. Layin karayar kowa ya gan shi. Amma abin da zai raba gardama tsakanin filasta da tiyata shi ne zaman talus, ƙashin da ƙwauri ke hawa kansa. Yana nan daram a gurbinsa, ko ya goce waje?

Hoto biyu ya zo da su, na gaba da na gefe. Aka mayar da shi a ɗauki na uku, wanda ake murɗa ƙafar ciki da digiri 15 zuwa 20 don gurbin ya fito fili. A nan ake awon ratar da ke tsakanin talus da ƙashin idon sawu na ciki. Kada ta wuce milimita 4, kada kuma ta fi ratar da ke saman talus faɗi. Tasa ta kai 6, alamar jijiyar da ke riƙe idon sawun ta gefen ciki ta tsinke ke nan, gaɓar ba ta da mariƙi. Tun 1976 Ramsey da Hamilton suka nuna cewa in talus ya matsa waje da milimita 1 kacal, wurin da ƙasusuwan ke haɗuwa yana raguwa da kashi 42 cikin 100. Nauyin jiki sai ya taru a ɗan wuri, guringuntsi ya cinye, amosanin gaɓa ya biyo baya. Wannan gocewar hannun mai ɗori ba ya jin ta, komai ƙwarewarsa.

Hoto ma yakan yi ƙarya. In majinyaci ya saki ƙafa yatsu suka kalli ƙasa saboda zafi, siririn bayan talus ne ke shiga gurbin, ratar ta buɗe alhali babu komai. A daidaita ƙafar kafin a ɗauki hoton.

Bayan azahar aka kawo wata mata, wai targaɗe. Ba a ga karaya a idon sawun ba, amma ratar da ke tsakanin fibula da ƙashin ƙwauri, santimita 1 sama da gaɓar, ta haura milimita 6. Da aka latsa ƙasan gwiwarta ta waje sai ta zabura. Hoton ƙwauri gaba ɗaya ya nuna fibula ya karye can sama, karayar Maisonneuve. An tura ta sikanin CT, hoton da ke nuna ƙashi daki-daki, saboda wani ɗan ɓalli a bayan ƙashin ƙwauri, wanda hoton gefe yakan rage wa girma. An ɗaure mata ƙafar an ɗaga bisa matashi, tiyata sai kumburi ya saɓe.