Zarton inji: yadda na dawo daga rakiyar babba na sayi matsakaici

Shekara huɗu ke nan ni ke yanka itacen wutar da ake ƙonawa a gidana. Kafin nan gatari ne da zarton hannu, kuma duk wanda ya taɓa wuni a kan gungume mai kaurin ƙugun ƙato da zarton hannu ya san abin da ke sa mutum ya fara mafarkin inji. Da aro na fara. Maƙwabcina na da ƙaramin zarton inji, mai cc 30 da 'yan kai (cc ma'aunin girman inji ne), ga sauƙin ɗauka, ga saurin tashi. A kan rassa ba ya da tsara. Amma da na ɗora shi a kan busasshen gungume mai tauri sai ya shiga kuka, sarƙar na tsayawa, ina ɗagawa ina mayarwa, har injin ya ɗau zafin da ya sa na ji kunyar mai shi. Ranar na ƙudurta cewa idan na tashi saye, babba zan saya, wanda ba gungumen da zai gagare shi.

Allah ya taimake ni ban yi gaggawa ba. Wani abokina da ke sana'ar kayar da manyan bishiyoyi ya ba ni nasa na gwada wuni guda, mai cc 70 da ɗoriya, takobinsa inci 24. Takobi nake kiran dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa. Awa ta farko daɗi kamar ya kashe ni, gungume na rabuwa kamar ana yanka sabulu. A awa ta uku kafaɗuna sun fara ciwo, bayana ya riƙe, kuma na lura da wani abu da ya tsoratar da ni: na daina ɗaga injin yadda ya kamata, ina barin nauyinsa yana jan hannuna. Ina cikin yanka wani reshe a saman tulin itace sai kan takobin ya taɓa wani icen da ke baya, wanda ban gani ba. Kafin ƙiftawar ido injin ya yi tsalle ya yo kaina. Birkin sarƙa ya kama, sarƙar ta tsaya cak a kusa da kafaɗata. Na kashe injin, na zauna a kan kututture, hannuna na rawa.

Da na ba abokin nawa labari bai yi mamaki ba. Ya ɗauki takobin ya nuna mini kashin sama na zagayen bakinsa, ya ce duk lokacin da wannan wurin ya ci karo da wani abu alhali sarƙa na gudu, haƙori kan cije maimakon ya yanka, ƙarfin injin gaba ɗaya sai ya wurgo takobin sama zuwa fuskar mai riƙe da shi. Idan takobi ya yi tsawo, bakinsa na nesa da idonka, yana kai wa inda ba ka nufa ba. Idan kuma ka gaji, riƙonka ya saki. Ni na haɗa duka biyun a ranar.

Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauki tef ɗin awo na bi tulin itacen da na tara, ina auna kaurin gumagumai ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu tsakanin inci 8 ne zuwa 14. Waɗanda suka kai inci 20 ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wato ina shirin ɗaukar nauyin ƙaton inji shekara da shekaru saboda gumagumai huɗu ko biyar. Su ma ɗin ba su gagari gajeren takobi ba, domin idan ka yanka ta wannan gefe ka zagaya ka yanka ta wancan, takobi mai inci 16 na iya raba icen da ya kusa ninka tsawonsa.

Daga nan na maida hankali kan matsakaita, masu cc 45 zuwa 55. Wannan cc ɗin ma'aunin girman cikin silinda ne, kuma da shi ake kimanta ƙarfin inji. Manyan kamfanoni duk suna da kaya a wannan aji. A lokacin da na duba, Stihl na Jamus na da MS 271, Husqvarna na Suwidin na da 450, Echo na Japan na da CS-490, kuma dukkansu ukun cc 50.2 ne. Nauyin irin waɗannan injina bai wuce kilo 5 zuwa 6 ba, amma ka sani lambar da ake rubutawa a takarda yawanci ta injin ce tsirararsa, babu takobi, babu sarƙa, babu mai a tanki. Kilo ɗaya ba komai ba ne a cikin shago. A awa ta huɗu ta aiki, kana sunkuye, shi ne komai. Don haka duk wanda na duba sai na sa an ɗaura masa takobi, na ɗaga shi, na karkata shi kamar zan yanka, na ji ko bakinsa na rinjayar hannuna.

Akwai kuma rabuwa tsakanin injin 'yan sana'a da na mai amfanin gida, ko da cc ɗinsu ɗaya. Na 'yan sana'a gangar jikinsa ta ƙarfen maganiziyam ce, ya fi ƙarfi a kan nauyinsa, kuma an yi shi don a kwance a gyara sau da yawa. Na gida akwai roba mai tauri da yawa a jikinsa. Na daɗe ina jinjina wannan, domin zuciya na son mai kyau. Amma aikina bai wuce 'yan makonni a shekara ba, ba kullum nake daji ba, sai na ga na gida mai inganci ya wadatar. Wanda zai ci abinci da injin, lissafinsa daban ne.

Abin da ya raba mini gardama a ƙarshe ba sunan kamfani ba ne. Tambaya ce guda: idan ya lalace, wa zai gyara, kuma ina kayan gyaran? Sarƙa na ƙarewa, fulogi na mutuwa, igiyar tayarwa na tsinkewa, matatar iska na toshewa. Na zaɓi wanda bakaniken da ke kusa da ni ya san cikinsa da bayansa kuma yake ajiye kayansa. Na ɗauke shi da takobi mai inci 16, duk da an ce zai ja 18. Gajeren takobi na nufin gajeriyar sarƙa ce injin ke ja, injin ba ya wahala, wasawa ma ba ta ɗaukar lokaci. Na kuma tabbatar birkin sarƙarsa na kamawa, kuma akwai sifirin tsakanin injin da mariƙinsa masu shanye girgiza, domin girgizar shekaru kan kashe jijiyoyin yatsu.

Watanni biyu da saye sai injin ya fara ba ni haushi. Yankan ya yi nauyi, sai na danna da ƙarfi kafin ya shiga, hayaƙi na fita daga tsagar, yankan kuma na karkacewa gefe guda. Na soma nadamar ƙin sayen babban. Na ɗauke shi na kai wa bakaniken, dattijo ne mai ƙarancin magana, na ce, "Baba, injin nan ba shi da ƙarfi." Ko tayar da shi bai yi ba. Ya shafa haƙoran sarƙar da ɗan yatsa, ya tambaye ni, "Ɗana, abin da yake zubarwa, gari ne ko ɓarzajje?" Na ce gari ne, laushi kamar ƙura. Ya ce to injina lafiyarsa ƙalau, sarƙar ce ta dakushe, kuma da alama na sha barin ta ta taɓa ƙasa.

Gaskiyarsa. Ina yanka gumagumai a kwance a ƙasa, a ƙarshen kowane yanka sai haƙora su ɗan shafi yashi. Daƙiƙa ɗaya a cikin ƙasa ta isa ta kashe kaifin sarƙa gaba ɗaya. Ya zaunar da ni, ya ɗauko zagayayyen magagari mai kaurin milimita 4.8, daidai da irin sarƙata, ya nuna mini yadda ake karkata shi digiri 30 a tura daga cikin haƙori zuwa waje, kowane haƙori adadin gugarsa ɗaya da na ɗan'uwansa. Idan na ɓangare ɗaya suka fi na ɗayan tsawo, shi ke sa yanka ya karkace. Sannan ya nuna mini ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo. Shi ma ana rage shi da shafaffen magagari jefi-jefi, amma da ma'auni, domin idan ya yi ƙasa da yawa sarƙa kan riƙa fizga, tsallen nan mai haɗari ya ƙaru.

Daga baya na karanta cewa wannan siffar haƙoran wani ma'aikacin daji ne a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Buford Cox, ya ƙirƙiro ta bayan ya tsaya yana kallon yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace da muƙamuƙinta, dama da hagu, ya kuma fara ƙera sarƙar a 1947. Tun da na san haka nake kallon sarƙa da wani ido: kowane haƙori ƙaramar kurfi ce mai ɗebe ɓarzajje, ba zarto mai gogawa ba. Da na koma gida da wasasshiyar sarƙa, injin nan da na raina ya riƙa nutsewa cikin gungume da nauyin kansa, ba tare da na danna ba. Yanzu duk lokacin da na cika tanki sai na bi haƙoran da magagari sau biyu ko uku, kuma ina ɗora gungume a kan wasu itatuwa, ko in yanka kashi uku cikin huɗu in mirgina shi in ƙarasa.

Maganar mai gajera ce amma ba ta son wasa. Fetur ake haɗawa da man da aka yi musamman don irin wannan inji, kashi 50 da kashi 1 a yawancin na zamani, wato mililita 100 a lita 5. Fetur zalla zai cinye fistin cikin mintuna. Ba na haɗa abin da zai wuce wata guda a ajiye, kuma idan aikin shekara ya ƙare ina juye tankin in bar injin ya ƙone sauran. Man sarƙa tankinsa daban, ina cika shi tare da na fetur, in kuma duba ɗaurin sarƙar bayan ta huce.

Da na ƙi babban inji, abin da ya rage a hannuna na zuba shi a kayan kariya: hular kwano mai ragar fuska, marufin kunne domin ƙarar na wuce desibel 100, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki, da wandon nan na musamman mai dogayen zaruruwa a ciki waɗanda ke fita su cushe injin idan sarƙa ta taɓa ƙafa. Yana da zafi a jiki, ba na musu, amma ba na jan igiya sai da shi. A bara wani gungume ya mirgina ina tsakiyar yanka, takobin ya zame ya shafi cinyata ta hagu. Sarƙar ta shaƙe nan take da farin zare. Na cire wandon na duba, ko ƙwarzane babu a fatata. Na sayi sabon wando a makon, tsohon kuma yana rataye a ƙusar da ke saman inda nake ajiye injin.