Littafin da ba ya kwana a gida

Ban taɓa adawa da littattafan kwamfuta ba, ko da yake haka ake ta faɗa a ɗakin malamai tun da na ajiye aiki. Mai makaranta ne ya liƙa min wannan suna, kuma ya san amfanin da ya yi masa.

Waɗanda suka zauna taron da aka yi kafin a kawo kwamfutocin hannun nan za su tuna abin da na tambaya: yara za su riƙa tafiya da su gida? Wa zai sayi man janaretan da za a yi caji? Lokacin ba a daɗe da cire tallafin mai ba, a Mayun 2023, kuɗin fetur ya ninka har da ɗoriya. Alhaji mai makarantar ya yi murmushi ya ce, "Malam, ku mutanen alli ne, zamani ya wuce ku." Aka yi dariya, aka wuce batu na gaba.

Sai aka cire littattafan takarda daga jerin abin da iyaye za su saya, aka sa kuɗin na'ura a madadinsu. Amma na'urar ba ta yaro ba ce. Da an tashi sai a tattara a kulle a sito, don gudun sata da fashewar gilashi. Ka ga ke nan ɗan SS 2 yana ganin littafin lissafinsa minti arba'in a rana, in an yi sa'a akwai caji. Da daddare, lokacin da ya kamata ya zauna ya yi ta kokawa da tambaya har ta faɗa masa, ba shi da komai a gabansa sai abin da ya kwafa a allo. Da kuɗin aljihuna na riƙa yin fotokwafin aikin gida.

Abin da ya fi ci wa iyaye rai ya zo ne bayan shekara, da lasisin ya ƙare littattafan suka rufe kansu. A da uwa takan sayi littafi ɗaya a Sabon Gari, yaya ya karanta ya bar wa ƙani, har bango ya fita a ɗinke. Yanzu ashe haya suke biya, ba wanda ya gaya musu.

Da sakamakon jarrabawar gwaji ya fito ba kyau, Alhaji ya miƙe a taron iyaye da malamai da takarda a hannu. Manhajar kamfanin da ya kawo na'urorin tana ƙirga awannin da kowane aji ya yi a kan na'ura, ajina ne na ƙarshe. Ya karanta, ya ambaci sunana, ya ce ga malamin da ya ƙi ci gaba. Bai faɗa musu cewa darasina bayan tara yake ba, lokacin da batiran duk sun mutu, kuma shi da kansa ya hana tayar da janareta sau biyu a rana. Washegari takardar tuhuma ta iske ni a tebur. Na amsa ta da jadawalin darussa a manne, ban sake jin komai ba, ba haƙuri ba bayani.

Da ma ba mu muka fara ba. Jihar Osun ta raba wa ɗaliban babbar sakandare kwamfutocin hannu masu suna Opon Imo tun 2013, zamanin Aregbesola, yau ba ka jin ɗuriyar shirin. Suwidin, inda wuta ba ta ɗaukewa, ta koma zuba kuɗi a littattafan takarda a 2023. Koriya ta Kudu ta shigar da nata littattafan na kwamfuta a Maris na 2025, kafin ƙarshen Agusta majalisa ta sauke su daga matsayin littafin karatu zuwa kayan taimako kawai.

Na'urar tana da ranarta, ba zan ɓoye ba. Tun 2015 JAMB a kwamfuta ake yin ta, kuma yaranmu sun daina rawar hannu a gabanta. Zanen lissafi da yake motsi yana shiga kai fiye da wanda nake ja a allo. Amma irin wannan akwai shi kyauta a dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda gwamnatin tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022.

Sauran abin da na koya gajere ne. Ka nemi ganin yarjejeniyar kamfani kafin ka yi wa iyaye bayani da bakinka. Duk abin da ka faɗa a taro, ka bi shi da rubutu. Kada ka yarda a auna aikinka da ƙidayar da mai sayar da kaya ya tsara.

Malamin da ya gaje ni, fotokwafin nan suna cikin durowar ƙasa ta teburina, an jera su zango-zango. Ka yi amfani da su, amma kada ka bari a rubuta su cikin kayan makaranta, ni na biya kuɗinsu.